Fitilar da Ke Kamawa a Gindin Tsamiya

Motar Yayana ce, kuma har yau da na fi shi daɗewa a bayan sitiyarinta, 'yan tasha ba su daina kiranta motarsa ba. 'Yar Kwatano ce mai dogon baya, fara a takarda, amma jar ƙasar hanyarmu ta daɗe da sauya mata launi. Da ita yake ɗebo albasa da shinkafa daga gonakin Bakolori zuwa kasuwar Talata Mafara, ranar da babu kaya kuma ya cika ta da mutane. Ita ke ci da shi da matarsa da 'ya'yansa da Innarmu. Ni a lokacin tela ne, ina da keke a bakin kasuwa, tuƙi kuwa a hannunsa na koya, da zagi da rankwashi.

Hanyar ƙauyenmu tana sakin kwalta ne ta bi ta cikin gonaki ta nufi wajen Tsibiri. A tsakiyarta akwai wata kwalbati, a gefen kwalbatin akwai tsamiya. Ban san wanda ya fara cewa wurin yana da masu shi ba, mun tashi mun tarar ana faɗa. Makiyaya ba sa hutawa a inuwarta. 'Ya'yanta sukan zube su ruɓe ba mai tsinta, a ƙasar da mata ke neman tsamiyar kunu ido rufe. Direbobi kuma suna da tasu al'adar: kafin ka hau kwalbatin sai ka rage gudu, ka danna hon mai tsawo, ka yi sallama a bakinka, don in 'ya'yan masu wurin suna wasa a kan hanya su kauce. Ba wanda ke son a ce motarsa ce ta take ɗan aljani.

Yaya ya fi kowa riƙe wannan al'ada. Ya ce hon ɗin motarsa kukan ɗan akuya ne, ba zai isa kunnen kowa ba. Sai ya sayo irin na babbar mota, ya kai wa wani mai wayarin, mai gyaran wutar mota, ya ɗaura masa, da maɓallinsa daban a gefen sitiyari, wani ja wanda sai ka riƙe shi da yatsa yake kuka. A cikin gari ba ya taɓa shi, ƙaramin yake dannawa. Babban na tsamiya ne kawai. Nakan yi masa tsiya in ce, aljanun da aka ce suna jin raɗa daga nesa, kai ne za ka kurmantar da su. Yakan ce in rufe masa baki, ni da ban taɓa bin hanyar ni kaɗai da tsakar rana ba. Gaskiya ya faɗa kuwa.

A nan aka same shi. Da bazara ne, rana tsaka, yana komawa gida ba fasinja. Wasu manoma da ke aiki can nesa suka ji hon yana ta kuka ba ƙaƙƙautawa, har suka ajiye fartanya suka nufo wurin, kuma duk tsawon tafiyarsu bai daina ba sai da suka kusa. Suka tarar da motar tsaye a kan kwalbatin a mace, shi kuma yana zaune a kujerarsa, hannuwansa a kan cinya, idonsa a buɗe yana duban tsamiyar. Babu rauni, babu komai. A asibiti an ce zuciya ce, dama yana fama da hawan jini. A ƙauye ba wanda ya yi musu da asibiti, ba kuma wanda ya yarda.

Bayan an share makoki na ce zan ɗauki motar. Keken ɗinki ni kaɗai yake iya riƙewa, ga marayu sun cika tsakar gida, ga uwarsu tana takaba. Inna ta ce ba ta san zancen ba.

"Hanyag ga ta ci mini ɗa guda," in ji ta, "ba ni ba ta na biyu. A kai motag ga inda ba ni ganin ta."

Na ce, "Inna, to ɗiyanai mi za su ci?"

Shirun da ta yi na ɗauka a matsayin izini, na ɗauki makulli.

Ranar farko da na bi hanyar, fasinja cike, tun daga nesa na hango kan tsamiyar. Ni da ke yi wa Yaya dariya, ban san lokacin da yatsana ya kai kan jan maɓallin ba. Hon ya ɗauka, motar ta yi wata irin shaƙuwa kamar an riƙe mata wuya, sannan ta saki. Da na dubi gaban sitiyari sai na ga wata 'yar fitila ruwan ɗorawa mai siffar inji ta kama. Ban taɓa ganin ta a kunne ba. Muka wuce, tsohon da ke kusa da ni ya ciro carbi.

Daga nan abin ya zama kullum. Motar nan za ta je Mafara, ta je Maradun, ta hau tudu da buhunan albasa ko tari ba ta yi, amma da ta zo kwalbatin sai ta shaƙe. Bakaniken tasharmu ya canza filogi, ya cire kan batir ya mayar, fitilar ta mutu, ya ce an gama. Washegari a gindin tsamiya ta dawo. Wani ya ce in liƙe ta da baƙin salatif kamar yadda kowa ke yi, tunda ido ne ke ganin ta. Wani ya kawo rubutu aka yayyafa a tayoyi, aka rataya laya a madubi. Duk na karɓa, don a lokacin ko ruwan kwata aka ce in zuba mata zan zuba.

Sai ranar da ta mutu gaba ɗaya. Ni kaɗai ne, ana gab da azahar. Na danna hon, ya ɗauka da ƙarfi, sai ya shaƙe, inji ya shaƙe tare da shi, motar ta gangara a hankali ta tsaya daidai kan kwalbatin. Na murɗa makulli, ta yi gurnani ta ƙi. Na sake, ta ƙi.

Ban taɓa jin shiru irin na wurin nan ba. Babu tsuntsu, babu kukan akuya, ko iska ba ta motsa ganye. Ƙarfen inji ne kawai ke ƙas, ƙas, yana hucewa. A wani reshe akwai tsumma ja da rana ta cinye, ban san wanda ya ɗaura shi ba, ban kuma taɓa lura da shi ba sai ranar. Inuwar ta rufe gilashin gaba. Na ga ashe daga kujerar direba ba abin da ido ke faɗawa a kai sai kututturen, da wani kogo a jikinsa daidai tsayin fuskar mutum. Abin da Yaya ya gani ke nan na ƙarshe. Na dubi hannuwana, na gan su a kan cinyata, na yi maza na ɗauke su na riƙe sitiyari. Tsoro na ji, irin wanda ke sa fitsari ya taru, kuma ba na jin kunyar faɗa. Na karanta duk abin da na haddace, har da wanda ba na wurin ba. Can na sake murɗa makulli, ta tashi lafiya lau kamar ba ita ba.

Na so in ɓoye, amma motar ta sake mutuwa a wurin da fasinja a ciki. Mata suka fice suka bar kayansu, suka ƙarasa ƙauye a ƙasa, kafin in isa gida labari ya riga ni. Na tarar da Inna a bakin zaure, abin da ba ta yi. Ta miƙo hannu, na ba ta makullin, ta ƙulle shi a haɓar zanenta.

Kwana da kwanaki motar tana ajiye, kaji suna kwana a ƙarƙashinta. Na koma kan keke, amma abin da ke shigowa bai kai bakin tukunya ba. Matar Yaya ta fara rage awo ba ta faɗa wa kowa ba, ni kuwa ina ganin kwanon yara. Wani direba ya ce akwai wani bakanike a Bakura mai kwamfuta, wanda ke tambayar mota da kanta abin da ke damun ta. Na durƙusa gaban Inna na roƙe ta sau ɗaya tak. Ta daɗe tana duban ƙasa, sannan ta kwance haɓar zanen.

"In tas sake mutuwa gindin iccen ga, shi ke nan. Ka ji ni?"

Na ce na ji.

Bakaniken Bakura ƙato ne mai tumbi da tabarau, mai son a san shi ne. Muka gaisa, lahiya, gajiya, iyali, zahi, ya yi mini ta'aziyya da na faɗa masa motar wa ce. Sannan ya shiga ciki ya fito da kwamfutar a naɗe cikin tawul, ya buɗe ta a hankali don 'yan kallo su gani. Ba ta wuce tafin hannu biyu ba. Ya durƙusa ya jona wayarta a wani rami ƙarƙashin sitiyari, ya sa na murɗa makulli. Ta yi 'yan ƙiftawa, ta fito da harafi ɗaya da lambobi.

Ya ce kowace mota irin wannan tana da ƙwaƙwalwa, duk abin da ya same ta sai ta riƙe shi da lamba, fitilar nan kuma hannu ne take ɗagawa a tambaye ta. Lambar da ta bayar tana nufin wata 'yar na'ura da ke ƙirga juyawar inji ta daina magana. In ta yi shiru, ƙwaƙwalwa sai ta ɗauka inji ya tsaya, ta yanke mai da wuta.

Na ce, "To mi as sa ba ta shiru sai gindin tsamiya?"

Ya yi dariya har tumbinsa na rawa. "Malam, kwamhuta ba ta san tsamiya ba. Ku mutanen Maradun komi aljani na."

Ya canza na'urar, ya goge lambar, fitila ta mutu. Muka zaga Bakura ciki da waje, motar tana tafiya kamar sabuwa. Na kama hanyar gida ina waƙa. A gindin tsamiya na danna hon, ta mutu.

Wannan karon haushi ya fi tsoro yawa, ko da yake tsoron ma yana nan. Da ta ga dama ta tashi, ban ƙarasa gida ba, don na san abin da ke jira na a bakin zaure. Na juya na kwana a shagona a Mafara, da safe na dira a garejinsa. Ban tsaya dogon gaisuwa ba. Ya jona kwamfuta, lambar jiya ce ta dawo.

"Kwamhuta ba ta ƙarya," in ji shi.

Na ce, "Awo. To cikin ku biyu wani na yi, tunda ba ita ba ta."

'Yan kallo suka yi dariya, abin ya sosa masa rai. Ya ce in tashi mu tafi, yau sai ya ga tsamiyar nan da idonsa. Ya zauna a gaba da kwamfutar a jone a kan cinyarsa, lambobi suna hawa suna sauka. Tun daga Bakura yake ba ni labarin motocin da suka gagari kowa sai shi. Da muka saki kwalta maganar ta ragu. Da kan tsamiyar ya bayyana, rana tsaka, ba kowa a hanya, sai na ga leɓensa yana motsi.

Na rage gudu, na yi sallama, na danna. Ya zabura har kansa ya bugi rufi. Hon ya shaƙe, inji ya mutu, muka gangara muka tsaya a inda ta saba tsayawa.

Shirun nan ya sauko mana mu biyu. Ya dubi kogon, ya kau da kai. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Ya daɗe kafin ya tuna da abin da ke kan cinyarsa. Da ya duba sai ya ɗaure fuska, ya ce wutar da ke zuwa ƙwaƙwalwar motar ta faɗi warwas daidai lokacin da ta mutu.

"Mi kat taɓa?"

"Ban taɓa komi ba."

"Wagga ƙara hwa da tak kusa tsinka mini zuciya?"

"Hon na. Sallama ta. Kowa na yi."

Wallahi har ga Allah ban taɓa lissafa shi cikin taɓa wani abu ba. Kamar a tambaye ka abin da ka yi kafin cin tuwo ne, ba za ka ce bisimilla ba. Shi ya sa ban faɗa wa bakaniken tasha ba, shi ma bai tambaya ba, don shi ma in ya zo wurin dannawa yake yi. Sai da aka samu mutumin wani gari.

Ya ce kafin komai mu tura ta daga nan tukuna. Mai cewa kwamfuta ba ta san tsamiya ba, shi ne ya fi ni ƙarfin turi. Muka kai ta can fili kusa da wata gonar albasa, inda ake jin injin ban ruwa da muryar mutane. Da ta huce ta tashi. Ya ce in danna jan maɓallin. Na danna, ta mutu. Muka jira, muka sake, ta sake mutuwa. A fili, ba tsamiya, ba kogo.

Ya buɗe bonet ya bi wayar hon ɗin da yatsa har inda ta ƙare. Mai wayarin da ya ɗaura wa Yaya bai kai ta batir ba. Ya feɗe wayar da ke kai wa ƙwaƙwalwar mota wuta ne, ya murɗa ta a jiki, ya naɗe da salatif. Da farko ta ɗauka. Da tafiya ta yi tafiya salatif ya narke, mahaɗar ta ƙone ta yi baƙi, saura 'yan silalla ke riƙe da ita. In babban hon ya ja wuta sai mahaɗar ta yi zafi ta saki, ƙwaƙwalwa ta ɗauke, na'urar ƙirga juyi kuma ita ce ta fara yin shiru, shi ya sa laifi ya faɗa a kanta. In ta huce sai ta sake kamawa. Duk yadda tsoro ya ƙaru, haka nake ƙara riƙe maɓallin, haka take ƙara mutuwa.

Na yi dariya har na zauna a ƙasa. Ina cikin dariyar sai ta juye mini. Ashe sallamar da Yaya ya yi ce ta kashe masa mota a wurin da ya fi tsoro a duniya, shi kaɗai, da zuciyarsa marar lafiya. Abin da ya saya don ya tsare shi. Na yi kuka a gaban mutumin da jiya na san shi, shi kuma ya juya baya yana goge sifana da ba ta da datti.

Ya yanke ƙonanniyar mahaɗar, ya haɗa wayar ƙwaƙwalwa da dalma, ya ja wa hon sabuwar waya daga batir da fis nasa daban. Amma kafin ya yanke na riƙe hannunsa, don wani abu ya tsaya mini. Na ce mun gani da idonmu, in mota ta mutu hon ma mutuwa yake yi. Ya ce haka ne, waya ɗaya suke sha. Na sa ya danna maɓallin a lokacin, motar a mace, ko ƙis bai yi ba. Na ce to manoman da suka tsinci Yaya sun ce hon bai daina kuka ba tun daga gonarsu har suka kusa, kuma sun same shi hannuwa a kan cinya.

Ya cire tabarau ya goge, ya dubi wajen tsamiyar da ake hango kanta daga nan.

"Wanga ba ya cikin kwamhuta," ya ce. "Miƙo mini hilaya in yanke wayag ga."

Ya goge lambar, fitila ta mutu. Na danna hon har manoma suka ɗago kai, inji bai ko girgiza ba. Ya tambaye ni ko ya cire hon ɗin gaba ɗaya in huta, na ce ya bar shi.

Na kai wa Inna guntuwar wayar. Na faɗa mata komai, har da mutuwar da motar ta sake yi, ban rage ba sai maganar manoma. Ta juya wayar a tafin hannunta, abu bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Na miƙa mata makulli, tunda sharaɗinta ya cika. Ba ta karɓa ba. Ta ce gobe in kai ta Mafara, tana son ganin ƙanwarta.

Tunda Yaya ya rasu ba ta taɓa ko jingina da motar ba. Ta shiga gaba, ta zauna a tsuke, ta riƙe ƙofa. Da muka hango tsamiyar na rage gudu, amma na bar hannuna a kan sitiyari, don ban san abin da take so ba.

"Yi sallama," ta ce. "Yayanka bai taɓa wucewa ba sallama ba."

Na danna. Hon ya cika dajin, inji yana ta aikinsa. Muna hawa kwalbatin ta ce in tsaya, in kashe. Na dube ta. Ta ce in kashe mana. Na kashe da hannuna.

Shirun yana nan yadda na san shi, jan tsumman yana nan, kogon yana kallon mu. Inna ba ta kau da kai ba. Ta dube shi ido cikin ido, ta daɗe, kamar yadda take duban mai tallan da ya tauye mata mudu. Sannan ta miƙo hannu ta dafa bayan kujerata, daidai inda kan Yaya ya sa fatar ta yi duhu.

"Nan kaz zamna kai ɗai," ta ce, ba da ni take ba. "Waya ta, ɗana. Waya ta kawai. Ga ni na zo."

Ta yi masa addu'a, na ce amin. Ta share fuska da gefen mayafi, ta ɗaga hannuna ta ɗora a kan makullin.

"Tada ta mu tahi. Ɗiyanai na jiran awo."